Yadda Mushe Illa Ya Zama Ubana

A Birnin Ƙonni na fara ƙullatar Mushe Illa, kuma a kan tuwo ne. Motarmu ta tsaya a tasha da azahar, muka zauna wurin wata mai abinci, ta zubo mana a kwano ɗaya. Na wanke hannu ke nan sai ya janye kwanon gabansa.

"Hajiya, ba ki ga abin da ke rataye a kafaɗarsa ba? Ɗan masu goge ne. Ni jikan limami ne, ba na haɗa hannu da maroƙa."

Matar ta dube shi, ta dube ni. Ta zuba mini nawa a murfin tukunya, ta ɗora mini ƙashi mai ɓargo. Na ci, na lashe murfin nan har ya koma madubi. Na ga fuskata a ciki na ce, "Rabe, in ka manta wannan, ba Nomau ne ya haife ka ba."

Ubana Nomau shi ne mai gogen Korgom. Daga Tasawa har Kanan-Bakashe, bikin da bai je ba ba a cewa ya yi armashi. Amma a shekarar nan ba biki ba suna. Hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, rabin gari ya tafi cin rani. Sai wani Bature mai haƙa rijiyoyi, wanda muke kira Nasaran Rijiya, ya ɗauki kiɗan Baba a kasat ya aika gidansu, ƙasar Suwis. Danginsa suka ce a kawo musu mai kiɗan nan, za su haɗa wasa a tara taimakon fari. Ana cikin shiri kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa. Aka ce ni in je, tunda na fara jan goge tun ban iya ɗaura wando ba, kuma na yi lakwal, makarantar boko, Faransancina ya isa in sayi burodi in kuma zagi mutum. Kumandan na Tasawa, wani soja mai gashin baki kamar ƙahon bajimi, ya ce ba ɗan ƙasar da zai fita ba tare da idon gwamnati a bayansa ba. Idon gwamnatin shi ne Mushe Illa (Mushe wato Monsieur, yadda muke kiran ma'aikata), komi mai rubutu a biro ɗinsa, wato ofis, mai ɗaura karabat a wuya ko a tsakiyar bazara.

Abu ɗaya Baba ya ce mini da ya miƙo gogensa: "Ubana ya bar mini shi. Gogen nan ya tafi, ya dawo. Kai ko ka so ka zauna can, shi dai ya dawo."

A Yamai muka daɗe muna jiran takardu. Mushe Illa ya sauka gidan abokinsa, shi a ɗaki, ni a baranda tare da sauro masu girman ƴan tsaki. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Boyina ne." Paspor ɗina kuwa tun da aka buga shi ya shige aljihunsa, ban ko ga hotona ba. A jirgi aka kawo abinci cikin ƴan kwanuka kamar na wasan ƴan mata, ya cinye naman nasa, ya miƙo cokali ya ɗauke nawa. Ashe in daga sama ne, naman maroƙi ba ya karya alwala.

A filin jirgin Pari sanyi ya fara mari na. Haƙorana suka riƙa kiɗa su kaɗai, har wani dattijo mai shara, baƙi kamar ni, ya tsaya ya saurara. Mutumin Mali ne. Ba ma jin yaren juna. Ya cire hular ulu daga kansa ya cusa mini har kunne, ya ce "Bisimilla," ya ci gaba da shararsa. Ita ce a kaina yanzu da nake rubutun nan, ko da yake zufa na karyo mini.

Daga nan sai jirgin ƙasa. Da gari ya waye na leƙa taga, na ɗauka mutuwa na yi a hanya aka wuce da ni Aljanna ba hisabi. Ciyawa har bisa duwatsu. Shanu kamar an hura su da famfon keke, kowace da ƙararrawa a wuya, suna tauna cikin yanga. Na tuna saniyar maƙwabcinmu Jauro da sai mutum huɗu sun ɗaga ta kafin ta tsaya. A garin da muka sauka kuma na ga ruwa na zuba daga bakin wani zakin dutse a tsakiyar titi, yana zuba, yana zuba, ba mai tulu, ba mai guga, ko kare bai kula shi ba. Na tsaya ina kallo. Innata tun asuba take bin layin rijiya. Na ce wa Mushe Illa sanyi ne ya sa idona ruwa.

Yanzu bari in gaya muku mutanen da muka je wa. Sunansu, yadda suke faɗinsa, sai ka yi kamar ƙayar kifi ta maƙale maka a wuya. Ni dai Birgili nake cewa. Mu a wurinmu ni Rabe ɗan Nomau, Nomau ɗan Tanko, kowa da nasa. Su kuwa suna ɗaya gare su kamar rigar aro: uba Birgili, ɗa Birgili, matar ɗa Birgili, jariri Birgili, matattu ma Birgili. Titin ƙofar gidan, da na karanta allonsa, shi ma Birgili. Na tabbata kyanwar gidan in ta je likita haka ake rubuta ta.

Kuma duk makaɗa ne. Dukansu! Bangon zauren cike yake da hotunan kakanninsu, kowa rungume da goge mai igiya huɗu. Wannan ya yi wa wani sarki kiɗa. Wancan shi ke rubuta kiɗa a takarda, rubutu kamar sawun kaji. Maigidan na yanzu aikinsa ya tsaya gaban makaɗa ɗari da ɗan tsinke a hannu yana yi musu barazana, bai taɓa dukan kowa ba, amma duk suna tsoronsa. Uwarsa, tsohuwar gidan, tana da goge mai girman jaki, sai ta zauna ta rungume shi. Nasaran Rijiya ne kaɗai a zuriyar bai iya kiɗa ba, shi ya sa ya tsere Korgom haƙar rami. Da muka zo a mota, na ga ɗan sanda ya cire wa maigidan hula. Ɗan sanda, wa maroƙi! Na saci kallon Mushe Illa. Idonsa na yawo daga hotuna zuwa kujerun alfarma, yana haɗiyar miyau.

Maigidan ya buɗe hannuwa ya ce da Faransanci, "Wane ne babban malami Nomau?"

Na buɗe baki in ce yana gida da kurkunu, sai na ji dugadugin takalmi a kan babban ɗan yatsana.

"Ni ne," in ji Mushe Illa. Ya dafa kaina. "Wannan ɗana ne, ina koya masa."

Saƙon da Nasaran Rijiya ya ba shi na cewa Baba ba lafiya, ya haɗiye shi tun a hanya. Kafin la'asar kuma hannunsa na dama ya sha ɗauri da farin ƙyalle, wai ƙofar jirgin ƙasa ta datse shi, kaico, ba zai iya kiɗa ba, sai dai yaron ya yi a ƙarƙashin kulawarsa.

Da muka keɓe na ce, "Mushe, a Ƙonni ba ka ce..."

"Papa za ka ce."

"Ubana na Korgom."

Ya ciro paspor ɗina ya kaɗa mini a hanci. "Saurara, ɗan bori. Ka buɗe baki, ina komawa in gaya wa kumandan ubanka ya yi wa gwamnati zambo a kasat. Ka san inda sojoji ke kai masu zambo? Da kurkunun nasa za su ja shi."

Na san ba wasa yake ba. An taɓa ɗauke wani mai kalangu a kasuwar Mayahi kan abin da bai kai wannan ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Papa." Amma a cikina wata tukunya ta hau wuta.

Daga ranar Mushe Illa ya zama sarki. Gado mai laushin da in ka kwanta sai an jefa maka guga kafin ka fito. Manto, rigar sanyi mai gashi. Baƙi na zuwa gaishe shi, shi kuwa yana zuba: wai kakansa ya taɓa yi wa zaki goge har ya yi kuka, wai shi kansa yana ɗan shekara uku ya kiɗa ruwa ya sauko. Na ce a raina, to da ka taimaka mana bana. Abin da ya fi ƙona ni, in suka sa kasat ɗin Baba, sai ya lumshe ido yana kaɗa kai, yana cewa, "A, ranar nan hannuna na da daɗi."

Rannan aka yi mana abincin girmamawa. Suka narka cuku a tukunya ɗaya, suka ɗora tsakiyar tabur, kowa ya soki burodi ya tsoma. Maigida ya tsoma, tsohuwa ta tsoma, jikoki suka tsoma, makaɗa zalla. Na tsoma nawa daidai inda Mushe Illa ya tsoma, na juya sosai, na ce da Hausa, "Papa, yau ga mu kwano ɗaya. Ya alwalar?" Ya yi murmushi don idon mutane, ya sake taka ni a ƙarƙashin tabur. Sannan ya miƙe, ya ɗaga kofinsa, ya ce yana da albishir: bayan wasa, zai bar wa gidan Birgili gogen kakanninsa kyauta, a rataye shi a bango cikin hotuna.

Suka yi tafi. Maigidan har da share hawaye. Ni kuwa na ajiye burodina.

Gogenmu ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, igiyarsa izgar doki, bakan da ake ja da shi ma izga. Sanyi na sa fatar ta saki, muryar ta koma ta mai mura. Don haka kowace safiya nakan sauko in gasa shi jikin ƙarfen da ke ɗumama zaure. Washegarin alkawarin nan ina zaune ina gasa shi, ina ba shi haƙuri, sai tsohuwa ta shigo da faranti, burodi da man shanu. Na ci. Ta ɗauko bakan babban gogenta, na ga shi ma izga ne, na kai hannu in taɓa. Ta make mini hannu, kau! Ta nuna maiƙon da ke yatsuna. Na yi dariya har na faɗi. Ashe har a Suwis an san wannan! A wurinmu in makaɗi na son kunyata abokin gaba a biki, sai ya faki ido ya shafa wa izgarsa man shanu. Ko ya ja har gobe, shiru kake ji. Na ciro guntun ƙaron da muke gogawa a izga don ta kama, ta ciro nata, mai kyau kamar alewa. Muka shinshina na juna.

Sai ta kama hannuna na hagu ta duba kan yatsuna, inda izga ta yi mini kanta. Ta ce a hankali, don in gane, "Na ga hannun mahaifinka, wanda ba a ɗaure ba. Laushi kamar na jariri." Ta dube ni. "Wa ke kiɗa a kasat?"

Maganar ta zo mini har haƙori. Na tuna ƙafar Baba da motar sojoji. Na ce, "Nomau ne, Madam." Ban yi ƙarya ba.

Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Hm."

A nan dabara ta faɗo mini, cikakkiya, kamar mangwaro daga sama. Me zai sa in tona shi a nan, inda maroƙi sarki ne? Na ce, "Madam, a ƙasarmu babu girman da ya kai a buga hoton makaɗi a jurnal, wato jarida, da gogensa a hannu. Babana kunya gare shi, ba zai roƙa ba." Tsohuwa ta ɗaga gira ɗaya. Na rantse na ga dariya ta leƙo ta koma.

Ranar wasa zauren ya ɗauki mutanen da suka fi na kasuwar Tasawa ranar Lahadi, amma shiru kamar ana jana'iza. Su Birgili suka fara. Kiɗa mai daɗi, wallahi, sai dai ba mai rawa, ba mai guɗa, wanda tari ya kama ma sai ya haɗiye abinsa har a gama. Da nawa ya zo na zauna a ƙasa, na rufe ido, na ja taken da Baba ke yi wa manoma in an fita gayya. Na ga gonarmu. Na ga Inna da tulu. Ban san na daɗe ba sai da tsohuwa ta shigo da babban gogenta a ƙarƙashin nawa, yana gurnani kamar hadarin gabas. Da muka tsaya mutane suka miƙe tsaye. Kafin in tashi, Mushe Illa ya riga ya shiga gabana yana rusunawa.

Na bar shi. Har na taya shi. Da mai hoto ya zo, na durƙusa na miƙa masa goge da hannu biyu, na gyara masa karabat. Na raɗa masa, "Mushe, in aka rubuta Nomau kaɗai, wa zai san kai ne? Duk wannan girma ya tafi ga wani?" Sai na ji yana gaya wa ɗan jurnal, harafi bayan harafi, cikakken sunansa da na ubansa, "wanda aka fi sani da Nomau, sarkin gogen ƙasar Tasawa."

Hoton ya fito rabin shafi, haƙoransa duka a waje. Shi ya sayi ɗaya ya ɓoye a ƙasan walis, akwatin kayansa, don ya riƙa kallo shi kaɗai. Ni kuwa na bi maƙwabta gida gida ina cewa a ba ni jurnal ɗinsu don tunawa da Papa. Na jera su a cikin rigata, ciki da baya, har cikin wando. Da ya ga na yi ƙiba ina ƙara kamar busasshen kara, na ce maganin sanyi ne.

Saura goge. Safiyar tafiya na gan shi a bango, tsakanin wani mai gemu da wata mai doguwar wuya, ya yi tsuru kamar maraya. Na auna taga, na auna kujera, na ga ko'ina da mutane. Har muka isa tasha ba ni da dabara. Jirgi ya tsaya ke nan sai ga tsohuwa da sandarta, jikanta na biye da wani baƙin akwati. Ta wuce hannun da Mushe Illa ya miƙo, ta ɗora mini akwatin a ƙirji. Na buɗe. Gogen Baba ne kwance a kan jan ƙyalle, da ƙaronta a gefe.

"A gidanmu matattu muke ratayewa a bango," ta ce. Ta juya ga Mushe Illa. "Allah ya ba hannunka lafiya, babban malami. Jiya na ga ɗaurin ya koma hagu."

Da na isa Korgom, Baba ya karɓi gogensa ya shinshina, ya ja sau ɗaya, sannan ya tambaye ni ko na sha hanya. Na zazzage masa jurnal a tabarma na ba shi labari. Ya kai hoton kusa da ido.

"A juye ya riƙe gogen," ya ce. "To. Tunda ya ɗauki sunanmu a gaban duniya, ɗan gida ne. Ɗan gida kuwa ba a hana shi kasonsa."

Al'adar makaɗa ce, duk abin da aka samu a wasa sai a raba, a kai wa kowane ɗan sana'a nasa har ƙofar gida, da kiɗa. Ranar kasuwar Tasawa muka haɗu: masu kalangu, masu gurmi, ƴan kama, da sanƙira mai muryar da ke tada jaki daga barci. Na raba musu jurnal, kowa ya ɗaura a sanda. Muka ɗauki tiya ɗaya ta jar dawar taimako muka nufi biro, yaran gari na biye.

"Ina Illa na Nomau! Goge gadonka! Mai sa zaki kuka! Fito ga kasonka, ɗan'uwa!"

Ya fito da alƙalami a kunne, ya ga hotonsa sama da ashirin na rawa a iska. Sai ga kumandan. Kiɗa ya mutu. Ya karɓi jurnal ɗaya, ya karanta har ƙasa, gashin bakinsa ya fara rawa.

"Illa! Kana da wannan baiwa kake ɓoye wa ƙasa? Ranar bikin tuta kai za ka buɗe fili. Gaban préfet, mai jihar nan gaba ɗaya."

"Mon commandant, ai hannuna..."

"Ya warke. Ko ƙarya ka yi da sunan ƙasa a waje?"

Yanzu in ya ce Baba ya yi zambo a kasat, ai shi ne Nomau.

Shekaranjiya ya zo Korgom a amalanke, ba karabat. Ya durƙusa gaban Baba ya ce a taimake shi ko da take ɗaya ne. Baba ya ce ƙafa ta hana shi zama, amma ga Rabe. Inna ta kawo tuwon jar dawa a kwano ɗaya, ya sa hannu ba wanda ya roƙe shi.

Na ba shi tsohon gogen koyo, da baka na musamman da na shirya masa tun da safe, da ɗan man shanun da matar Jauro ta rage mini. Yana ƙarƙashin itacen bedi tun hantsi yana ja, zufa har gwiwa, ko kukan sauro bai fitar ba. Ɗazu ya ɗago ya ce, "Malam Rabe, me ya sa nawa ba ya magana?"

Na taɓa ƙaron tsohuwa a aljihuna, na gyara hular ulu.

"Haka yake yi wa baƙo," na ce. "Ƙara himma, Papa."